Mesata ta yi ƙwai huɗu, saura sun maƙale a ciki

"Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Ina da ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewar nan ta cusa kanta a tsakiya in ta tsorata. Na saye ta a hannun wani gardi bayan kaka, kuma ban taɓa haɗa ta da namiji ba. Tun tsakiyar sanyi ta daina karɓar ɓera, ta yi saɓa wajen wata guda da ya wuce, sai shekaranjiya da safe na tarar ta yi ƙwai huɗu a kusurwar akwatinta. To amma har yanzu akwai kumburi biyu a can ƙasan cikinta kusa da wutsiya, tana ta yunƙuri ba abin da ke fitowa. Wani ya ce in shafa manja in matso su da hannu, mai kemis kuma ya ce a yi mata allurar naƙudar da ake yi wa akuya. Akwatin na katako ne, yana ɗakin kwano, yashi na zuba mata a ciki. Don Allah me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Abin da ka kwatanta shi ne maƙalewar ƙwai: ta fara zubawa, wasu sun fito, saura sun tsaya a hanya. Bayanin zai ɗan yi tsawo, amma ka fara riƙe wannan ko da nan za ka tsaya da karatu: kada ka matsa cikinta, kada kuma ka yarda a soka mata allurar nan. Kwana biyu ke nan tana yunƙuri, don haka magana ta koma hannun likitan dabbobi, kuma zuwa gobe ya fi zuwa jibi nesa ba kusa ba. Ni yawancin aikina a kan awaki da shanu da kaji ne, macizai jefi-jefi suke zuwa daga wajen gardawa da tsirarun samari masu sha'awar kiwonsu irinka. Taka kuwa ban gan ta ba, ban taɓa ta ba, saboda haka abin da zan faɗa zai raka ka zuwa asibiti ne kawai, ba zai maye gurbinsa ba.

Na ga ka jaddada cewa ba ka haɗa ta da namiji ba. Ba abin mamaki ba ne. Wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, a dazukan Afirka ta Yamma tana barbara ne daga ƙarshen damina zuwa kaka, ta yi ƙwai tsakanin Fabrairu da Afrilu, 'ya'yan su ƙyanƙyashe wajen faɗuwar ruwa. Kai kuwa bayan kaka ka saye ta. Da alama ta riga ta haɗu da namiji kafin a tono ta daga raminta, domin macijiya tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta tsawon watanni kafin ta yi amfani da shi. Ko ma ba ta haɗu da kowa ba, tana iya yin ƙwai marasa ɗa, yadda kaza ke yi ba zakara.

Yadda abin ke tafiya in komai lafiya

Ƙin cin abincin da ta yi tun sanyi al'adar mai ciki ce, ba ciwo ba ne. Saɓar da ka ambata ma tana cikin lissafi. Irin wannan mesar takan yi saɓa ta musamman kafin ƙwai, kuma daga ranar saɓar zuwa ranar zubawa kwana 30 ne ko kusa da haka. Taka ta zo daidai. A tsakanin nan za ka ga tana kwanciya a karkace ko rigingine, ciki a sama, tana manne wa wuri mai ɗumi. Ana saura 'yan kwanaki sai ta rasa natsuwa, ta yi ta zagaye akwati tana tura hanci kowace kusurwa. Gurbi take nema. Galibi takan yi ƙwai 4 zuwa 8, wani lokaci har 11. Babbar mesa kuwa, Python sebae, wadda gardawanmu suka fi yawo da ita, tana yin 20 zuwa 50, har fiye.

In ta fara, cikin 'yan awanni take gamawa, yawanci da dare ko da asuba, sannan ta tattara su ta naɗe a kansu. Wadda ta gama ba ta ɓuya: rabin jikinta na baya sai ya yi fayau, fata ta saki, domin ƙwan kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ko ma fiye. Ka'idar da muke bi ita ce, in ta fara ta tsaya, aka yi kwana ɗaya zuwa biyu ana ganin saura a ciki, to an shiga matsala.

Za ka iya jin wani gardi ya ce tasa ta yi makonni da ƙwai a ciki, daga baya ta fitar da kanta. Ba ƙarya ya yi ba, yana faruwa. Maciji dabba ne mai jurewa, ba ya kuka, ba ya ɓata fuska, yana iya yin kwanaki da mugun ciwo a ciki kana ganinsa garau. Sai dai a cikin kwanakin nan ƙwan ba zaune yake kawai ba. Ruwan da ke sa shi sulɓi yana bushewa, ɓawonsa mai laushi yana mannewa da jikin bututun ƙwai, gwaiduwar tana daskarewa. Daga nan sai ruɓa, sai ƙwayoyin cuta su shiga jini, ko bututun ya yage gwaiduwa ta tsiyaye cikin ciki. Hanyoyin magani masu sauƙi da araha duk a kwana biyu zuwa uku na farko suke aiki. In suka wuce, tiyata ce kaɗai ke saura.

Me ke tsayar da ƙwai

Dalilan kashi biyu ne, kuma bambance su shi ne rabin aikin likita. Ko dai wani abu ya toshe hanya, ko kuma hanya a buɗe take amma uwar ta rasa ƙarfi ko natsuwar turawa.

Bari in fara da na biyun, don shi na fi gani a ƙasarmu, kuma akwai alamunsa a wasiƙarka. A daji wannan mesar a ramin gafiya ko tsohon suri take yin ƙwai. Duk wanda ya taɓa haƙar gafiya da bazara ya san ƙasar can ciki tana da danshi da sanyi-sanyi, ko da saman na ƙona ƙafa. Wurin duhu ne, zafinsa ba ya hawa da sauka sosai tsakanin dare da rana, ba kuma mai leƙowa. Yanzu ka dubi inda taka ta yi naƙuda. A Maris da Afrilu zafin rana a Jigawa yana kai digiri 40 a waje, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, iska a bushe ƙayau, danshinta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ita kuwa tana son gefe ɗaya na akwati ya kasance digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen 26 zuwa 27, danshin iska kashi 55 zuwa 60, cikin gurbin ƙwai ma ya fi haka. Dabbar da ta yi watanni ba ta ci ba, ta kwashe ruwan jikinta ta zuba a ƙwai, sannan aka ajiye ta a ɗakin kwano kan yashi, to ƙishirwa ta gama da ita tun kafin ta fara. Yashi yana tsotse danshi, yana kuma manne wa bakin dubura in ya jiƙe. Shi ƙwan maciji dama da wani yauƙi yake fitowa, wanda in ya sha iska yake haɗe ƙwai da ɗan'uwansa. In jikin uwa ya bushe, wannan mannewar a ciki take farawa.

Sanyin hunturu ma da nasa laifin. Lokacin da ƙwan ke haɗuwa a cikinta, Disamba da Janairu, dare kan yi sanyin da ya fi ƙarfinta, ɗakin kwano kuma ba ya riƙe ɗumi. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, da zafin wurin da yake kwance yake aiki, har narkar da abinci da motsin tsoka. Macen da ta sha sanyi a wannan lokaci takan yi baragurbi ko ƙwai masu karkatacciyar siffa, su ne kuma suka fi tsayawa.

Sai damu. Ba sai an gaya mini ba, na san tun da labari ya bazu cewa mesa ta yi ƙwai, yaran unguwa da manyansu ke sintiri a ƙofar ɗakinka, ana ɗaga murfi ana haska tocila. Macijiya in ta ji ba ta aminta da wuri ba tana iya dakatar da naƙuda, in kuma dakatarwar ta yi tsawo, komawa ya gagara. Wadda aka kamo daga daji da ciki ta fi kowa wannan.

Akwai kuma yanayin jikin uwar. Wadda ta yi wata da watanni a ƙaramin akwatin da ba ta iya miƙewa, tsokarta ta yi lis. Wadda aka ɗura wa abinci ta yi kitse, ita ma haka. Masu kiwo ba sa barin mace ta ɗauki ciki sai ta kai shekara 3 da nauyin giram 1,500, domin ƙaramar uwa ƙwanta ba ya raguwa daidai da jikinta. Ƙarancin kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi), wanda ke yawan kawo wannan matsala ga kunkuru da ƙadangaru, bai cika damun macizai ba muddin ɓera sukutum suke haɗiya da ƙashinsa. Waɗanda ake ba yankan tsoka zalla su ne abin ji.

Toshewa kuwa tana zuwa ne daga ƙwan da ya yi girma fiye da kima, ko biyu da suka manne da juna, ko wanda ya juya a gicciye. Wani lokaci ba ƙwan ne da laifi ba: busasshen kashi ko farin dunƙulen fitsarin maciji ya tsaya a bakin ƙofa, ko ƙoda ta kumbura, ko ƙari, ko ƙashin baya da ya karye ya haɗe a karkace tun dukan da ta sha ranar kamu. Yunƙurin da ka ce tana yi babu sakamako, ga kumburin dab da wutsiya, ya fi sa ni zargin toshewa ko mannewa. Wadda gurbi kawai ta rasa ba ta cika yin yunƙuri ba, yawo take yi.

Abin da za ka yi yau kafin tafiya

Fitar da akwatin daga ɗakin kwano ka kai shi ɗakin ƙasa, wanda ba a yawan shiga. Kwashe yashin kaf, ka shimfiɗa tawul mai tsabta da aka jiƙa aka matse. Sa mata ruwa a mazubi mai faɗin da za ta iya shiga ta kwanta.

Sannan ka jiƙa ta. Zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a baho, digiri 28 zuwa 30, wanda in ka tsoma gwiwar hannu da ƙyar za ka ji ɗuminsa. In ka ji shi da zafi, to ya yi mata yawa. Zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta. Ka bar ta minti 20 zuwa 30 kana tsaye a kai, domin wadda ta galabaita tana iya nutsewa a ruwa kaɗan. Sau da yawa za ka ga ta tsoma baki ta yi ta sha, kana ganin muƙamuƙinta na motsi a hankali. Wani lokaci ruwan kan sa ta fitar da kashi ko fitsarin da ya tsaya, hanya ta buɗe.

Bayan nan ka yi mata gurbi. Tukunyar ƙasa ta fi komai dacewa a wajenmu, don tana riƙe danshi da sanyi. Ka fasa mata ƙofa a gefe, ka goge bakin da dutse don kada ya yanke ta, ka kife ta a kan jiƙaƙƙen tawul, ka lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Girmanta daidai yadda in mesar ta naɗe jikinta zai taɓa bango. Sai ka rufe ɗaki ka hana kowa shiga, kai ma leƙawa sau biyu ta isa. Tururuwa da cinnaka suna jin warin ƙwai daga nesa, don haka ka ɗora akwatin a kan benci, ƙafafun bencin a cikin gwangwanayen ruwa. Kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a ɗakin, yana kashe maciji kafin ya kashe tururuwa.

In kana son sanin ko guda nawa ne suka saura, hanya ɗaya ce na yarda da ita: ka shimfiɗa yatsunka a ƙarƙashin cikinta, ka bar ta ta ja jiki a kansu da kanta. Za ka ji kowane ƙwai yana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ba dannawa, ba turawa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, domin macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara.

In ta fitar da su a daren nan, alhamdu lillahi, duk da haka ka kai ta a tabbatar ba saura. In kuwa ka ga jini ko ruwa mai wari daga dubura, ko tana numfashi baki buɗe, ko jikinta ya saki ba ta riƙe hannunka, ko ka juya ta ta kasa juyowa, to ba maganar jiran safiya. Haka in jan nama ya zazzago ta dubura. Shi wannan kada ka tura shi ciki. Ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, ka lulluɓe da tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan sukari mai kauri, wanda ke rage kumburi, ka kama hanya. In ya bushe ya yi baƙi, sai dai a yanke.

Maganar manja da allurar akuya

Wanda ya ce ka shafa manja ka matso, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma bai taɓa ganin bututun ƙwan maciji ba. Mu da muke buɗe ciki mun gani: siriri ne ƙwarai, har kana hango ƙwan ta cikinsa. In ƙwan ya manne da shi ka turo daga waje, ba zamewa zai yi ba, tare za su taho, bututun ya yage ko ya juyo waje. Man da ka shafa a bakin dubura kuma ba ya kaiwa inda ƙwan yake, sai dai ya kwashi datti ya kai ciki. An taɓa kawo mini babbar mesa a cikin buhu, mai ita da abokinsa sun kwana suna matsa ta, har sun yi murna ɗaya ya fito. Da muka buɗe, gwaiduwa ce ta malale tsakanin hanji da kitse, ta fara wari, bututun ya tsage ya kai tsawon tafin hannu. Mun wanke mun ɗinke, ba ta kai ba. Gaskiya ne likita ma wani lokaci yakan turo ƙwai da hannu, amma sai wanda ke dab da ƙofa, bayan an yi mata allurar barci tsoka ta saki, an kuma tabbatar bai manne ba.

Allurar da mai kemis ke nufi ita ce oksitosin. Aikinta ta sa mahaifa ta matse. In hanya a toshe take, matsewar nan fasa bututun za ta yi. Ko a akuya ma ba ma yin ta sai mun tura hannu mun ji ɗan yana kan hanya daidai, balle dabbar da ba a iya tura mata hannu. Ban da haka, ba ta cika aiki a jikin maciji yadda take yi wa akuya ba, domin sinadarin naƙudar da jikin dabbobi masu jan ciki ke yi daban ne, basotosin ake ce masa, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Inda oksitosin ke ɗan taimakawa shi ne cikin awa 48 zuwa 72 da fara naƙuda, bayan an ƙara mata ruwa, an ɗumama ta, wani lokaci an fara ba ta kalsiyam. Ga shi kuma magani ne da zafi ke kashewa, a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar da ta yi bazara a kan kanta a ƙauyen da ba wuta, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta. Da gangan na ƙi rubuta adadin da ake yi, don na san akwai mai karantawa ya nufi kemis.

Sauran abubuwan da ake gwadawa a gida su ma ka bar su. Dettol da Izal da kananzir guba ne ga fatar maciji. Allurar jentamaisin da magungunan kashe zafi irin su daikulofenak suna lalata ƙodar dabbar da jikinta ba ruwa.

In kuma wani mai karatu da gamsheƙa ko kumurci yake fama, to duk wannan bayani na jiƙawa da lalubawa bai shafe shi ba, ko da an ce an cire haƙoran dafin, domin suna sake tsirowa. Wannan aikin masu kayan kamu ne da allurar barci.

A asibiti

Ba kowane asibitin dabbobi ke karɓar maciji ba, saboda haka ka yi waya kafin ka tashi. Fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya haɗa ka da likita a Dutse ko Kano. Ma'aikatan gidan zu na Audu Bako a Kano sun saba da mesa, za su iya nuna maka wanda zai duba ta. In aiki ya kai ga tiyata, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da kayan aiki. Ka tambayi kuɗin tun a waya don ka shirya.

Ka sa ta a rigar filo, ka ɗaure bakin, ka ajiye a kwali mai huji da jiƙaƙƙen tawul a ƙasa. Ka fita da asuba kafin rana ta ɗaga. Ban da but ɗin mota, ban da ɗaure ta a bayan babur cikin rana. Ka riƙe ranar da ta yi saɓa, ranar da ta ci abinci na ƙarshe, da lokacin da ka ga ƙwan, ka kuma ɗauki hoton ƙwan da na akwatin a waya.

Likita zai auna nauyinta, ya laluba, sannan ya yi hoto. A eksire ƙwan maciji inuwa-inuwa yake fitowa don ɓawonsa ba shi da kalsiyam sosai, amma ana ganin adadi da girma da lafiyar ƙashin baya. Sikanin kuwa yana nuna ko abin da ke cikin ƙwan ruwa ne har yanzu ko ya daskare, da ko wani abu ya tsiyaye a ciki. Kusan kullum da ƙarin ruwa ake farawa.

In ƙwan bai daskare ba, akwai hanyar da nake so ƙwarai don tana hutar da dabba daga wuƙa. Bayan allurar barci, sai a riƙe ƙwan da yatsu ya tsaya cak a jikin fata, a goge wurin, a soka allura mai kauri ta tsakanin ɓawon fata har cikin ƙwan, a zuƙe abin da ke ciki da sirinji. Kana ji a yatsunka ƙwan na lotsawa, sirinjin na cika da ruwa rawaya mai kauri. Ɓawon da ya saura takan fitar da shi da kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sau da yawa na gaba ne kaɗai ya tare hanya, da ya fita na baya ya biyo. Hatsarinsa shi ne gwaiduwa ta ɗiga cikin ciki, shi ya sa ba aikin gida ba ne ko ga wanda ya iya allura. In kwanaki suka ja kuwa, sirinji ba ya jawo komai.

Daga nan sai tiyata. A gefe ake tsagawa, tsakanin layi na farko da na biyu na ƙananan ɓawon fata, ba a kan faffaɗan ɓawon da take jan ciki da su ba, don kada ɗinkin ya riƙa gogar ƙasa. A buɗe bututun, a ciro ƙwan, a ɗinke. In ƙwan sun yi nisa da juna, tsaga biyu ko uku ake yi. In bututun ya ruɓe, a cire shi tare da ma'ajiyar ƙwai ta wannan gefen. Fatar maciji tana jinkirin haɗewa, zaren kan yi mako 6 ko fiye, galibi sai bayan ta yi saɓa ake cirewa. A wannan lokacin a kan takarda ko tawul busasshe za ta zauna, ba jiƙawa a baho. Wadda aka kai da wuri, ba a matsa ta ba, yawanci tana tashi.

Ƙwai huɗun da uwarsu

Biyun da ke ciki ka cire rai da su, ƙwan da ya yi kwanaki a maƙale da wuya ya yi ɗa. Huɗun da suka fito kuwa suna iya yi. Tunda za ka yi tafiya da uwar, ka ɗauke su yadda suke, kada ka juya su, kada ka raba waɗanda suka manne. Ka yi wa saman kowanne alama da fensir don ka san yadda ya kwanta, domin ɗan tayin yana manne a sama, in aka kife shi yana iya mutuwa. Ka haska tocila a jikinsu cikin duhu: mai rai za ka ga jijiyoyin jini ja-ja sun bazu a ciki, baragurbi kuwa ƙarami ne, rawaya, ba jijiya. Ka jera su a roba mai murfi da 'yan huji, a kan ƙasa mai danshin da in ka damƙa za ta dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. Suna son digiri 31 zuwa 32, kwana 55 zuwa 60. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, ka saya, don zafin ɗaki a Afrilu yana iya dafa su. In sun ƙyanƙyashe, ka sani cewa mesa na cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa wa ido, kuma dokar Najeriya kan cinikin namun daji ta shafi sayar da su. Ka nemi shawarar jami'an gandun daji kafin ka yi ciniki da kowa.

Ita uwar, in ta dawo, ka wanke akwatin da ruwa da sabulu ka ɗauraye sosai. Muddin tana jin warin ƙwai za ta ci gaba da naɗewa a wurin tana ƙin abinci. Bayan mako ɗaya ko biyu, ko lokacin da likita ya ce in an yi tiyata, ka gwada ta da ƙaramin ɓera, ƙasa da wanda ta saba, ka riƙa ƙarawa a hankali. Ɓeran da ka kiwata da kanka ya fi, na rumbu da na shago ba ka san ko ya ci guba ba. Ka sama mata akwatin da tsawonsa ya kai nata, da reshe mai kauri da za ta riƙa hawa. Kada ka kai mata namiji a kakar bana, ta huta shekara guda ta mayar da jiki, ka riƙa ɗora ta a sikeli duk wata kana rubutawa.

Wadda ƙwai ya taɓa maƙale mata tana iya maimaitawa, kuma rashin namiji ba ya hana ta sake yin ƙwai. Saboda haka duk shekarar da ka ga ta daina ci da sanyi, tsakiyar jikinta na kauri, ka mayar da ita ɗakin ƙasa, ka kife mata tukunyarta tun a Janairu, ruwa kada ya yanke. Ka rubuta ranar da ta yi saɓa ka fara ƙirga. In ta haura kwana 45 ba ta zuba ba, ko ta fara ta tsaya har aka kwana, ka kira likita a ranar.